Sunan da Ke Gindin Akushi: Tarihin Sassaƙar Danƙo a Ƙasar Sin

A shekarar 1894, fadar daular Qing da ke Beijing ta shiga shirye-shiryen bikin cikar Sarauniya Cixi shekara 60. Kamar yadda aka saba, aka aika wa birnin Suzhou, inda ake yi wa fada kayan alatu, jerin abubuwan da ake bukata. A cikinsu har da jajayen kayan nan masu sassaƙa, waɗanda sarakunan Sin suka yi ƙarnuka suna ƙawata ɗakunansu da su. Amsar da ta dawo daga Suzhou ita ce, wannan aikin kam an daɗe da rasa mai yin sa.

A lokacin, shekara ɗari ba ta cika ba da saukar Sarki Qianlong daga mulki, wanda a zamaninsa masu wannan sana'a suke sassaƙa komai, tun daga 'yar battar da za ta shige tafin hannu har zuwa karagar mulki. Yaya aka yi sana'ar da ta kai wannan matsayi ta rasa magaji cikin zuriya uku ko huɗu? Amsar tana cikin yadda ake aikin kansa. Sinawa suna kiran sa *diaoqi*, wato sassaƙar danƙo, kuma babban jarinsa shi ne lokaci. Kafin masassaƙi ya ɗora wuƙa, sai an shafe watanni ana tara abin da zai sassaƙa, kuma dole wani ya ciyar da ma'aikata a tsawon wannan jiran. Wanda ya bi tarihin sana'ar da kyau zai ga tarihi ne na masu ɗaukar nauyin jira. Akwai ma inda ake karanta shi a fili: gindin kayan, wurin da ake rubuta suna.

Danƙon da ke bushewa cikin laima

Danƙon yana fitowa daga wani itace da Sinawa ke kira *qi*, wanda furucinsa ya yi kusa da "ci" na Hausa. Ya fi yawa a tsaunukan lardunan Shaanxi da Hubei da Sichuan da Guizhou. Sai ya shekara bakwai zuwa goma kafin a fara tsaga ɓawonsa, kuma a watannin zafi kawai ake yi. Masu tatsa sukan fita tun da asuba, su tsaga, su kafa ɓawon kifin kogi ko ganye a ƙarƙashin tsagar, danƙon ya riƙa ɗiga a hankali. Abin da itace ɗaya ke bayarwa a shekara bai cika wuce giram 200 zuwa 250 ba. Yana fitowa fari-fari kamar madara, da ya sha iska sai ya rine. Daga nan a tace shi da ƙyalle, a yi ta juya shi cikin ɗumi har ruwan da ke cikinsa ya ragu.

Abu biyu suka bambanta shi da duk wani fenti. Na farko, ɗanyensa yana da dafi. Sinadarin da ke cikinsa, wanda masana ke kira urushiyol, yana fesar wa mafi yawan mutane da ƙuraje da kumburi da ƙaiƙayi mai hana barci. Na biyu, ba ya bushewa a busasshiyar iska. Wani sinadarin da ke cikinsa sai ya sami ɗumi da laima sosai, irin ta tsakiyar damina, sannan yake iya jawo iska ya daskarar da shi. Shi ya sa ake saka kayan da aka shafa a wani rufaffen ɗaki mai danshi, ana yayyafa ruwa a ciki. Idan aka lafta shi da kauri, saman zai yi fata ya yamutse, cikin kuwa ya zauna ɗanye. Ba shi da wata hanya sai shafe mai sirantaka, a jira ya kama, a sake wani.

Idan ya daskare kuwa, ruwa ba ya ratsa shi, tafasasshen abinci ba ya ɓata shi, gara ba ta cin sa. Babban abokin gabarsa hasken rana ne, wanda ke dusashe shi sannu a hankali. A ƙarƙashin ƙasa mai ruwa yakan yi dubban shekaru. A Kuahuqiao da ke lardin Zhejiang an tono wani baka da aka shafa wa danƙon, mai kimanin shekara 8,000. A Hemudu, cikin lardin dai, an sami jan akushi mai kimanin shekara 7,000.

Zamanin da ake rubuta sunan kowa

Kafin a fara sassaƙa danƙo, an yi dubban shekaru ana shafa shi ana yin zane a kansa. A zamanin daular Han, daga shekara ta 206 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa 220 Miladiyya, ya zama babbar masana'anta. Masanin tarihi Sima Qian ya lissafa mai babbar gonar itacen *qi* cikin waɗanda samunsu ya kai na masu sarauta. A rubutacciyar muhawarar nan da aka yi a fada a shekara ta 81 kafin Miladiyya kan riƙon da gwamnati ta yi wa cinikin gishiri da ƙarfe ita kaɗai, masu sukar almubazzaranci sun koka cewa kofin danƙo ɗaya yana cin aikin mutum ɗari, kuma kuɗinsa ya kai na kofin tagulla goma. Da aka buɗe kabarin wata matar hakimi a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, a 1972, an tarar da tarin akusa da kofuna da faranta, launinsu kamar jiya aka shafa.

Gwamnati ce ke riƙe da manyan wuraren aikin, musamman a yankin Sichuan. A gidan tarihi na British Museum da ke Landan akwai wani kofi da aka yi a can a shekara ta 4 Miladiyya, aka kuma tono shi kusa da Pyongyang ta Koriya ta Arewa, yankin da a lokacin yake ƙarƙashin Han. A kewayen gindinsa an rubuta sunayen ma'aikata shida, kowa da aikinsa, daga wanda ya fafe itacen zuwa mai shafe da mai zane da mai gogewa, sannan sunayen jami'ai bakwai da suka sa ido. Ba don yabo aka jera su ba. Doka ce ta tilasta a sa suna, domin in aka sami aibi a san wanda za a kama. Duk da haka, wannan ne zamanin da mai shafe, wanda aikinsa ya fi na kowa cin rai, ya sami sunansa a jikin abin da ya yi.

Bayan faɗuwar Han, tangaran mai ƙyalli ya fara ƙwace teburin cin abinci, domin ya fi araha kuma ana gasa ɗaruruwa a tanda ɗaya. Danƙo ya rasa kasuwar yau da kullum, ya koma inda tangaran ba zai iya bin sa ba, wato kayan ƙasaita. A wannan hanyar ce sassaƙa ta samo asali.

Tara tudu kafin a sassaƙa shi

Kowane masassaƙi yana samun abin aikinsa a shirye: itace, ko dutse, ko hauren giwa. Mai sassaƙar danƙo shi kaɗai ne sai an gina masa abin da zai yanka. Ana fara wa da ƙashin kayan, galibi siririn busasshen katako. A liƙa masa ƙyallen rama don kada ya tsage, a bi shi da kwaɓin danƙo da toka ko garin yumɓu, a goge ya yi sumul. Daga nan a shiga shafa danƙo mai launi, wanda akan haɗa da man itacen tung don ya yi taushin yanka. Ja yana samuwa daga wani jan dutse mai ɗauke da zaiba da farar wuta. Baƙi daga kunkunniya ko ƙarfe, rawaya daga wani ma'adinin, kore kuwa daga haɗa wannan rawayan da shuni.

Hawa ɗaya ake yi a rana, in yanayi ya yi kyau ƙwarai a yi biyu. Sai an yi hawa 15 zuwa 20 kafin kauri ya kai milimita ɗaya. Kaya masu daraja sukan ci hawa 100, wasu 200. Da yayyafi kogi kan cika, amma a nan kowane yayyafi kwana guda ne. Faranti ɗaya yakan yi wata uku zuwa shida a hannun mai shafe, ba a ko fara zane ba. A ƙasa-ƙasa akan saka hawa ɗaya ko biyu na baƙi, domin in wuƙa ta iso nan masassaƙi ya san ya kai iyaka.

Lokacin yankan ma a ƙayyade yake. Ana so danƙon ya kama amma bai ƙeƙashe ba, ya yi kamar jemammiyar fata. In ya yi laushi zai manne wa wuƙa, in ya taurare zai ɓantare. Masassaƙi yana aiki da asake iri-iri, kuma abin da ya cire ba ya komawa. Kuskure ɗaya yana iya cinye aikin rabin shekara, ciko kuwa yakan nuna. Bayan an gama, a bar kayan ya bushe sarai, sannan a yi ta gogewa da gawayi da garin toka da tafin hannu har ya yi sheƙi.

Nau'o'in aikin sun samo sunayensu daga yadda aka jera hawan. *Tihong* shi ne ja zalla, kuma shi ya fi shahara. *Tihei* baƙi ne. A *tixi* ana sassaɓa ja da baƙi, sai a yanka zurfafan layuka masu lanƙwasa kamar gajimare, gefen yankan ya fito da ratsi-ratsi. A *ticai* kuwa ana jera launuka da yawa, kowanne da kaurinsa, masassaƙi ya nutsa har ya kai launin da yake so: ja don fure, kore don ganye. Ke nan mai shafe ya riga ya binne launukan hoton tun kafin a zana shi, kuma in shi da masassaƙi ba su fahimci juna ba, aikin ya lalace.

Mutanen Xitang

Alamar farko ta wannan dabara ta fito daga wani wuri da ba a zata ba. A farkon ƙarni na 20, mai binciken nan Aurel Stein ya tono ɓallin sulke na fata a wani tsohon sansanin soja da ke Miran, cikin hamadar Xinjiang. An yi su a ƙarni na 8 ko na 9, an shafa musu danƙo hawa-hawa mai launi daban-daban, aka kankare sama don na ƙasa ya fito. Amma cikakkiyar sassaƙa sai a zamanin daular Song ta Kudu, tsakanin 1127 da 1279, lokacin da biranen kudancin kogin Yangtze suka cika da attajirai da malamai masu son kayan shan shayi da battocin turare.

A ƙarni na 14, ƙarƙashin daular Yuan ta Mongol, wani ƙaramin gari mai suna Xitang da ke yankin Jiaxing ya fitar da gwanaye biyu, Zhang Cheng da Yang Mao. Salonsu shi ne danƙo mai kauri da fure ɗaya ko biyu manya da suka cika faranti, an goge gefunan har ba a ganin sawun wuƙa. A gidan tarihi na tsohuwar fadar Beijing akwai jan farantin Zhang Cheng mai babban fure a tsakiya. A gindin irin waɗannan kaya, an ɗauki allura an karce sunan gwanin. Babu jerin ma'aikata, babu jami'in gwamnati. Masu kuɗi ne ke biyan jiran, kuma sunan gwani suke saya. Shi ya sa ma aka yi ta ƙirƙirar sa hannun mutanen biyu a kan kayan da ba su taɓa gani ba.

Sunansu ya ƙetare teku. Limaman addinin Buddha da 'yan kasuwa sun kai kayan Japan, inda gidajen ibada irin su Engakuji na Kamakura suka adana su, har ta kai da yawa daga cikin mafi kyawun kayan Song da Yuan da suka rage a yau a Japan suka tsira. Wani gidan masassaƙa na Japan ya ɗauki laƙabin Yozei, wanda aka haɗa daga harafin Yang da na Cheng. Wasu masassaƙan Kamakura kuwa suka gajarta hanya: su sassaƙa itacen tukuna, sannan su shafa masa danƙo kaɗan. Wannan ya zama sana'a mai zaman kanta, amma ya nuna abin da kowa ya gane tun a lokacin, cewa jiran ne ke da tsada.

Sunan sarki ya hau

Sarki Yongle na daular Ming, wanda ya yi mulki daga 1402 zuwa 1424, ya mayar da jan danƙo abin alfaharin fada. Tsakanin 1403 da 1407 ya aika wa mahukuntan Japan kyautar sassaƙaƙƙun kaya kimanin 200. Tarihin yankin Jiaxing ya ruwaito cewa ya aika a kira masa Zhang Cheng da Yang Mao, aka tarar duk sun rasu, sai ɗan Zhang Cheng mai suna Zhang Degang ya amsa kiran, aka ba shi muƙami a ma'aikatar ayyukan fada. Da Yongle ya mayar da babban birni Beijing, aka kafa masana'antar fada da ake kira Guoyuanchang, wato masana'antar lambu.

Daga nan sunan gwani ya ɓace daga gindin kaya, sunan zamanin sarki ya maye gurbinsa. Na Yongle da allura ake karce shi. Na Xuande, wanda zamaninsa ya kama daga 1426 zuwa 1435, da wuƙa ake yanka shi a cika da ruwan zinariya. Akwai kayan da aka shafe sunan Yongle aka ɗora na Xuande a kai, kuma har yau ana hango sawun na farkon a ƙasa. Da baitulmali a bayansu, ma'aikatan suka iya abin da ba mai zaman kansa da zai iya. A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai wani tebur mai durowa uku na zamanin Xuande, an lulluɓe shi da sassaƙar macijin almarar Sin da tsuntsuwar almara cikin furanni. Shi kaɗai ne babban kayan ɗaki da ya rage daga wannan masana'anta.

A ƙarshen Ming salo ya sauya, aka koma launuka da yawa da yanka mai kaifi. A zamanin Longqing, tsakanin 1567 da 1572, wani gwani mai suna Huang Cheng ya rubuta littafin *Xiushi lu*, inda ya tsara dabarun aikin danƙo da kayan aiki da kurakuran da ake yi. A 1625 wani mutumin Xitang, Yang Ming, ya yi masa sharhi. Shi ne tsohon littafi ɗaya tilo kan wannan sana'a da ya iso zamaninmu.

Ƙarshen bunƙasa ya zo da Qianlong, daga 1736 zuwa 1795. Fada ce ke tsara zane, a aika Suzhou a yi, a dawo da shi sarki ya duba. Aikin ya yi tsananin ƙanƙanta da cunkoso, ba a cika goge gefuna ba, kuma sarkin yakan sa a yanka waƙoƙinsa a jikin kayan. Karagarsa ta jan danƙo, wadda aka ɗauke daga wata fadar farauta a kudancin Beijing lokacin da sojojin ƙasashen waje suka mamaye birnin a 1900, ta bi hannun wani jami'in diflomasiyyar Rasha ta ƙare a Victoria and Albert a 1922.

Da mai biya ya janye

Illar dogaro da mai saye ɗaya ta bayyana a ƙarni na 19. Baitulmalin Qing ya rame da tawaye da yaƙe-yaƙe, ciki har da yaƙin da Ingila ta yi da Sin kan cinikin ofiyom daga 1839 zuwa 1842. Fada ta rage oda. A 1860 mayaƙan Taiping suka ci Suzhou. Maƙeri ko masaƙi yana iya rage farashi ya koma kasuwar talakawa, amma ba yadda za a yi hawa 100 a mako ɗaya. Sana'ar kuma a rarrabe take tsakanin mai tatsa, mai tacewa, mai ƙashi, mai shafe, masassaƙi da mai gogewa. Da ɗaya ya bar aiki, sauran sun tsaya. Sanin lokacin da danƙo ya isa yanka a yatsu yake, kuma yatsun da suka yi shekara ashirin ba su taɓa shi ba ba su da abin da za su koya wa yaro. Littafin Huang Cheng kansa ya ɓace a Sin. A Japan aka sami kwafinsa na rubutun hannu, Zhu Qiqian ya buga shi a 1927, daga baya masani Wang Shixiang ya yi shekaru yana warware ma'anarsa.

Farfaɗowar ta fara daga masu gyara. Wasu ma'aikata a Beijing da ake kawo wa tsofaffin kayan fada da suka lalace suka riƙa nazarin ɓantarrun wurare, suna ganin yadda aka jera hawan. A 1904 aka buɗe shagon Jiguzhai, sunan da ke nufin ci gaba da aikin magabata. A 1958 gwamnatin gurguzu ta haɗa masu sana'ar a masana'anta ɗaya a Beijing, wadda ta yi shekaru tana sayar wa ƙasashen waje don samo kuɗin musaya. Da tattalin arziki ya koma hannun kasuwa, sai ga jabu: jar roba da ake zubawa a mazubi, ta fito da siffar sassaƙa cikin sa'o'i, a sayar wa 'yan yawon buɗe ido da arha. Masana'antar ta durƙushe, matasa kuma suka guji aikin da ke fara wa da ƙuraje, ya kuma ɗauki shekaru kafin ya ciyar da mai shi.

A 2006 gwamnatin Sin ta saka sassaƙar danƙo ta Beijing a jerin farko na al'adun gado da ƙasa ke karewa. Ta naɗa gwanaye irin su Wen Qiangang a matsayin magada, tana ba su tallafin shekara-shekara da sharaɗin su koyar. Sunan gwani ya dawo gindin kaya, kamar a zamanin Zhang Cheng, kuɗin jira kuwa an raba shi tsakanin hukuma da attajirai masu tara kayan tarihi. Ko wannan zai isa ya riƙe mai tatsa a kan tsauni da mai shafe a ɗakin danshi, shi ne abin da bai tabbata ba, domin su biyun ba sa cikin waɗanda ake karramawa a bainar jama'a, kuma in babu su masassaƙi ba shi da abin yanka.

Masu tantance kayan suna da hanya mai sauƙi ta raba na gaske da jabu. Sukan ɗora gilashin ƙara girma a gangaren yankan. A roba ba a ganin komai sai sumul, wani lokaci da 'yan kumfa. A danƙon gaske kuwa ana ganin siraran layuka a jere kamar zoben cikin kututture, kuma ana iya ƙirga su. Kowane layi yinin wani ma'aikaci ne, wanda tun bayan daular Han da wuya a ga sunansa a gindin akushi.